Babi na Shida: Cokali Nawa Aka Zuba?

Mutumin Haɗeja ba ya sayen shinkafa da ka. Sai ya cusa hannu cikin buhu, ya damƙo ta can ƙasa, ya murza a tafinsa ya ga ko ta bushe, ko an yi mata algus da tsakuwa da ƙaiƙayi. Idan bandar kifi ce, irin wadda ake kawowa daga Guri da Kiri Kasamma da sauran garuruwan fadama, sai ya ɓantari gefe ya shinshina, domin wadda ƙwaro ya ci cikinta ba ta ɓuya ga hanci. Uwargida kuwa tun daga yadda nono ke zuba daga ludayi take gane wanda aka sirka da ruwa. Wannan ilimin saye ne da aka gada kaka da kakanni, kuma duk ya rataya ga abu ɗaya: kayan a buɗe suke, ido na gani, hannu na taɓawa. To amma a 'yan shekarun nan wani kaso mai yawa na abin da ake ci ya koma cikin leda da gwangwani da roba, a liƙe tun daga masana'antun Legas da Ota da Kano. Biskit ne, madarar gari 'yar ƙulli ce, garin cakulan na haɗa shayi, lemon kwalba, yogot, garin kunun jarirai. Nan hannu ba ya shiga, hanci ba ya aiki. Abin da ya rage wa mai saye shi ne rubutun da aka buga a bayan ledar, kuma rubutun nan shi ne mudun wannan ciniki. Mudun yana da huji a gindi, domin ba ya faɗin yawan sukarin da kamfani ya zuba da hannunsa.

Yadda hujin yake shi ne kamar haka. Akwai wata hukumar haɗin gwiwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ake kira Kodeks, wadda hukumar abinci ta FAO da Hukumar Lafiya ta Duniya suka kafa a 1963, ita ce ke tsara ma'aunin da ƙasashe ke kwaikwayo wajen rubutun jikin abinci. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, NAFDAC, wadda aka kafa a 1993 kuma ta sabunta dokarta ta wannan rubutu a 2022, da ma'aunin Kodeks take kafa hujja. Abin da Kodeks ta nema a bayyana game da zaƙi shi ne jimillar sukari, wato duk wani sukari da ke cikin abincin a dunƙule wuri ɗaya. Matsalar dunƙulewar ita ce sukari iri biyu ne a cikin kaya da yawa. Madarar saniya tana zuwa da nata sukarin na halitta, kusan giram 5 a kowane mililita 100, tare da furotin da sinadarin ƙarfafa ƙashi. Dabino da mangwaro da goruba su ma da nasu suke zuwa, a ƙunshe cikin tsoka da zare. Iri na biyu kuwa shi ne wanda ake kawowa a buhu a juye cikin tukunyar masana'anta. Idan mutum ya ga robar yogot an rubuta, a misali, sukari giram 14, ba shi da hanyar sanin cewa kusan 5 ne na saniya, sauran 9 na kamfani ne. Jerin kayan haɗi ma ba ya fitar da shi daga duhu sosai. Ƙa'ida ce a jera su daga mafi nauyi zuwa mafi ƙanƙanta, amma mai haɗin yana iya raba zaƙinsa gida uku, ya sa sukari kaɗan, ruwan gulukos kaɗan, tatsattsen malt kaɗan, kowanne da sunansa, sai duk su gangara ƙasan jerin alhali idan aka tara su su ne a gaba.

Me ya sa za a damu da wannan bambanci? A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da aka zuba, haɗe da na zuma da na ruwan 'ya'yan itace da aka tatse, ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu daga abinci a yini. Ga baligi matsakaici wannan ya kama kusan giram 50, wato cokalin shayi 12, kuma hukumar ta ce idan aka sauko zuwa rabin haka ya fi alheri. Sukarin da ke cikin madara da ɗanyun 'ya'yan itace bai shiga wannan lissafi ba. Lemon kola da aka saba da shi yana ɗauke da sukari tsakanin giram 10 da 11 a kowane mililita 100, saboda haka roba ɗaya mai rabin lita ta cinye kason yini gaba ɗaya, tun kafin a sha shayin safe ko kunun buɗa-baki. A lemon kwalba lissafin mai sauƙi ne, tunda duk sukarin zubi ne. Inda ake ɓata shi ne kayan da ke da kamannin lafiya, masu hoton saniya ko zangarniyar alkama ko jariri mai ƙiba. Likitoci suna ba da shawara kan sukarin zubi, kamfanoni suna buga jimilla, mai saye ya rasa yadda zai haɗa wannan da wancan.

Abin da ya fito fili a watan Afrilu na 2024 ya nuna cewa wannan ba dogon Turanci ba ne. Wata ƙungiya ta ƙasar Suwizalan mai suna Public Eye, tare da ƙungiyar IBFAN mai fafutukar kare shayar da nonon uwa, sun tattara abincin jarirai na kamfanin Nestlé daga ƙasashen Afirka da Asiya da Latin Amurka, suka duba rubutunsa, suka aika da wasu ɗakin gwaji a Beljiyam. Rahotonsu ya ce Cerelac mai ɗanɗanon biskit, na jarirai 'yan wata shida, yana ɗauke da sukarin zubi giram 6 a kowane damu a Senegal da Afirka ta Kudu, alhali irinsa da ake sayarwa a Suwizalan babu ko kaɗan. Wani nau'in da aka samo daga Najeriya ya kai giram 6.8, wato fiye da cokali ɗaya da rabi a kwano guda na jaririn da bai fara rarrafe ba. Suka kuma lura cewa sau da yawa ba a rubuta yawan wannan sukari a jikin kayan. Kamfanin ya amsa cewa yana bin dokokin kowace ƙasa da ma'aunin Kodeks, NAFDAC ma ta ce Cerelac ɗin da ke kasuwannin Najeriya yana da rajista kuma ya cika ƙa'idar da ake aiki da ita. Ba na ƙaryata ko ɗaya daga cikinsu, kuma gaskiyar tasu ce ta fi tayar mini da hankali. Idan za a cika kowace ƙa'ida amma uwa a Malam Madori ta kasa sanin abin da uwa a Janeba ta sani game da kwanon ɗanta, to gyaran yana kan ƙa'idar.

An taɓa yin wannan gyara a wani wuri. A watan Mayu na 2016 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta sauya fasalin jadawalin da ke bayan abinci, ta ƙara layi ɗaya a ƙarƙashin jimillar sukari wanda ke faɗin giram nawa ne na zubi da kuma kashi nawa ya cinye na giram 50 ɗin yini. Manyan kamfanoni aka ba su zuwa farkon 2020, ƙanana zuwa farkon 2021. Masu sukari sun yi turjiya, kuma hujjarsu ta cancanci a saurara, domin za a sake jinta a nan. Suka ce jiki ba ya bambance sukarin rake da na mangwaro, ƙwayar sinadarin ɗaya ce. Wannan haka yake a ƙarƙashin madubin bincike, sai dai mutum ba ƙwayar sinadari yake ci ba, abinci yake ci. Wanda ya sha rake sanda guda ya yi tauna, ya tofar da ɓawo, muƙamuƙinsa ya gaji, ya tsaya. Wanda ya buɗe roba yana iya kwankwaɗe cokali 12 a tsaye cikin minti biyu, kuma cikinsa bai ce masa ya ƙoshi ba. Suka kuma ce ɗakin gwaji ba zai iya raba na zubi da na halitta a cikin haɗin da aka gama ba, saboda haka ba za a iya kama maƙaryaci ba. Ita ma wannan tana da ƙamshin gaskiya, amma Amurka ta warware ta da wajabta wa kamfani ajiye takardun haɗinsa domin mai bincike ya duba. Babu masana'antar da ba ta san buhu nawa take juyewa a tukunya ba, tunda da kuɗi take sayensa, kuma dama NAFDAC tana neman bayanin kayan haɗi tana kuma ziyartar masana'anta kafin ta ba da lambar nan da jama'a suka koyi dubawa tun zamanin da Farfesa Dora Akunyili ke shugabantar hukumar.

Mu kuwa ba sai mun je Amurka neman dalili ba. A cikin Sahihu Muslim an ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce ta wurin tsibin hatsi a kasuwa, ya cusa hannunsa ciki sai yatsunsa suka ji danshi. Mai hatsin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Sai ya tuhume shi a kan me ya sa bai ɗora jiƙaƙƙen a sama ba domin mutane su gani, sannan ya nesanta mai algus daga kansa. Abin lura a nan shi ne ba a hana mutumin sayar da jiƙaƙƙen hatsi ba. Yana da damar sayarwa, mai so ya saya da saninsa, a kan farashin da ya dace. Laifinsa shi ne ya bar abin da zai sauya ra'ayin mai saye a ƙasan tsibi. Sukari halal ne, ni'ima ce, kuma ƙasar Hausa ta daɗe da sanin daɗinsa, daga mazarƙwailar ƙasar Zazzau zuwa nakiya da alkakin gara da kantun riɗi. Layin da ake nema a ƙara ba ya hana kowa sha. Aikinsa shi ne ya ɗora jiƙaƙƙen a sama.

Suka mafi nauyi da za a yi wa wannan magana a Jigawa ita ce ta yunwa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kusan kashi 64 cikin 100 na yaran jihar 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki, alhali a ƙasa baki ɗaya kashi 37 ne. Ambaliya irin ta 2022 tana shanye gonakin shinkafa daga Auyo zuwa Guri, ta bar magidanta da rumbu wayam. Wani zai ce, a irin wannan wuri ana maganar rage sukari? Ai abincin nan na gyaɗa da ake ba yara masu tamowa ma akwai sukari a ciki, ruwan gishiri da sukari kuwa ya ceci rayukan da ba su ƙirguwa. Duk wannan gaskiya ne. Amma a duba yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukarin: lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, sukari cokali shida a shafe, gishiri rabin cokali. Ana koya wa iyaye mata awon ne daki-daki, domin an san idan ya wuce kima sai ya ƙara gudawar. Inda sukari yake magani ma sai da awo. Sannan talaka ne ya fi kowa buƙatar sanin abin da ya saya. Mai hali idan ya sayi garin da rabinsa zaƙi ne, akwai ƙwai da nama a gidansa da za su cike giɓin. Uwar da ta tattara kuɗin ƙuli-ƙulinta ta sayo 'yar leda tana zaton ƙarfi ta saya wa ɗanta, idan kaso mai yawa na ledar sukari ne, an karɓi kuɗinta an ba ta kuzari marar gina jiki, wanda kunun gyaɗa da garin waken suya na gida ya fi shi nesa ba kusa ba. Akwai ma abin da ke ƙara rikita lissafi. Tun 2002 Najeriya ta wajabta ƙara sinadarin bitamin A cikin sukari da man girki da fulawa, ana buga alamar ido a jikin kayan. Manufar kyakkyawa ce, ta kare idon yara, sai dai ta sa ledar sukari kanta ta zo da tambarin lafiya, wanda ya ƙara wajabta a faɗi ɗaya ɓangaren labarin.

Ciwon siga kuma ba na masu kuɗin birni kaɗai ba ne yanzu. Ƙungiyar yaƙi da ciwon ta duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 manya miliyan 3.6 ne ke ɗauke da shi a Najeriya, kuma a nahiyar Afirka fiye da rabin masu shi ba su san suna da shi ba. Wani nazari da aka buga a 2018, wanda ya tattara binciken da aka yi a sassan ƙasar, ya sami Arewa maso Yamma da mafi ƙarancin kaso, kusan 3 cikin 100. Wannan dama ce da ba a so a yi wasa da ita, tunda rigakafi ya fi araha tun ciwo bai yi jijiya ba. Mutanen Haɗeja da maƙwabtansu na Gashuwa sun san zafin ciwon ƙoda da tsadar wankinta fiye da yawancin wurare. Ba zan ɗora wa sukari alhakin wannan annoba ba, domin babu hujjar yin haka. Amma ciwon siga yana sahun gaba cikin abubuwan da ke kashe ƙoda a duniya, kuma yankin da ya riga ya sami layi a ɗakin wankin ƙoda ba ya buƙatar wata sabuwar hanya da za ta ƙara kawo masa majinyata.

Za a kuma ce wa zai karanta? Rubutun da Turanci yake, da ƙananan haruffa, da giram da mutane ba su auna komai da shi. Wannan suka ce ga siffar rubutun, kuma tana da magani. Ƙasar Chile ta fara aiki da wata doka a 2016 wadda ta tilasta buga baƙin tambari mai kusurwa takwas a gaban duk kayan da sukarinsa ya wuce iyaka, inda ko yaro zai gane. Binciken da aka buga a 2020 ya nuna cewa sayen abin sha mai wannan tambari ya ragu da kusan kashi 24 cikin 100 bayan dokar, wadda ta haɗa da taƙaita talla ga yara da hana sayarwa a makarantu. Meziko ta bi sahu a 2020. A wurinmu ma'aunin da kowa ya sani shi ne cokali, kuma giram 4 shi ne cokalin shayi ɗaya. Hoton cokali da lamba a gefensa, a gaban leda, ba ya buƙatar boko. Idan ana son kalma, ƙasar da ta daɗe tana rubuta darajar manyan takardun Naira da ajami ba za ta rasa wurin rubuta sukari cokali tara da boko da ajami ba. Kamfanonin da ke tallarsu da Hausa tsantsa a rediyo lokacin azumi sun riga sun nuna cewa sun iya harshen idan suna son a ji su.

Akwai sukar da dole a sallama mata rabi. Mafi yawan sukarin da ake sha a Haɗeja ba daga leda mai rubutu yake fitowa ba. Yana teburin mai shayi, yana cikin zoɓo da kunun aya da ake ƙullawa a gida, yana cikin fura da koko. Babu dokar rubutu da za ta kai nan, kuma bai kamata a ɗora wa matar da ke sayar da zoɓo a ƙofar gida nauyin buga jadawali ba. Sai dai a wurin mai shayi ana zuba sukarin ne a gabanka. Yana tambayarka ko ya ƙara, kana iya cewa ya isa, kana iya cewa yau ba na so, likita ya hana. Mai zoɓo maƙwabciya ce, ana iya aika yaro ya ce a rage. Cinikin a buɗe yake kamar na shinkafa. Abin da masana'anta ta ƙwace daga mai saye shi ne wannan tambaya ta cokali nawa, kuma a kan masana'anta ne ya kamata dokar ta hau. Ina kuma kyautata zaton cewa wanda ya saba ganin hoton cokali 12 a jikin roba zai fara ƙirga na cikin kofinsa.

Saura batun kuɗi, na gwamnati da na manomi. Dokar kuɗi ta Najeriya ta 2021 ta sa harajin Naira 10 a kan kowace lita ta abin sha mai zaƙi, aka fara karɓa a 2022. Robar rabin lita Naira 5 ke nan, ko sukarinta cokali uku ne ko goma sha biyu, saboda haka babu abin da zai sa kamfani ya rage zubi. Birtaniya, a harajin da ta fara karɓa a Afrilun 2018, ta yi matakai gwargwadon yawan sukari, daga giram 5 sannan daga giram 8 a mililita 100, sai kamfanoni suka yi ta sauya haɗi don su kauce wa biya, har sukarin da ke cikin irin waɗannan abubuwan sha ya ragu da fiye da kashi 40 cikin 100 tsakanin 2015 da 2019. Afirka ta Kudu ma gwargwadon giram take karɓa tun 2018. Irin wannan haraji ba ya yiwuwa sai an fara da bayyana adadi, wato layin da ake magana a kai shi ne tubalin farko. Shi kuwa manomin rake na fadama, da wanda ke sa ran aiki a gonar rake da masana'antar sukari da rukunin kamfanonin Lee ya sa gaba a Gagarawa, ba shi ne zai fara jin raguwar ba. Fiye da kashi 90 cikin 100 na sukarin da ake sha a Najeriya ɗanye ake shigo da shi, akasari daga Brazil, a tace mafi yawansa a Legas. Duk cokalin da aka rage, daga jirgin ruwan Apapa za a fara cire shi, kuma giɓin da ke tsakanin abin da ake nomawa da abin da ake sha zai daɗe bai cike ba.

Ba sai an yi komai rana ɗaya ba. A fara da abincin jarirai da na yara 'yan ƙasa da shekara uku, inda mai ci ba ya iya zaɓa kuma harshensa ke koyon abin da zai so har girma. Daga nan a wuce ga abin sha na kwalba da roba, da madarar gari da garin haɗa shayi. Manyan kamfanoni su fara, ƙananan masu yogot da burodi na Kano da Dutse da Haɗeja a ƙara musu wa'adi kamar yadda Amurka ta ƙara wa nata shekara guda, a kuma taimaka musu da lissafin, wanda bai wuce raba nauyin sukarin da aka juye a tukunya da yawan robobin da aka cika daga cikinta ba.